Sawun Motar Zaharadeen

Ranar wata Juma'a ta kaka, mazan Unguwar Marke suka dawo daga masallacin Roni suka tarar da gindin darbejiyar bayan gidan su Zaharadeen wayam. Motar da ta daɗe kwance a wurin, ko tari ba ta yi, ta yi ɓatan dabo da rana tsaka.

Duk wanda ke zaune tsakanin Roni da Gwiwa ya san motar nan. Ja ce, 'yar Kwatano, mai ƙofa biyu kacal, cikinta har yana neman shafar ƙasa, shi ya sa yara suka laƙaba mata suna Ƙadangaruwa. Zaharadeen ya saye ta shekarar da riɗi ya yi masa kyau. In tana da lafiya, kafin ka waiwaya ta wuce ta bar ka da ƙara. Matsalar ita ce lafiyar ba ta cika zama a jikinta ba.

Ana tsaye ana salallami sai ga Dunoma, bakanike daga Kazaure, a kan babur da batir ɗaure a baya. Shi ke duba motar tun zuwanta, kuma shi ya cire batirin ya tafi da shi caji. Bai gama kafe babur ba aka zagaye shi.

"Ina motata?" Zaharadeen ya tambaye shi.

"Ni za ka tambaya? Ga batirinta nan na kawo."

Wani daga baya ya ce, "Bakanike zai rasa batir na biyu ne? Ya sa mata wani, ya kai ta inda zai kai, ya dawo yana mana fuskar marayu."

Nan take kowa ya tuna wani abu. Wannan ya tuna ya taɓa jin Dunoma na cewa motar ta fi daraja in an yanka ta an sayar da kayanta. Wancan ya tuna Babarbare ne, kakanninsa daga gabas suka zo, duk da a Kazaure aka yanke masa cibi. Mutanenmu in suka tashi tuna abu, har wanda bai faru ba suna tunawa. 'Yan sintiri suka ƙwace babur ɗin, kuma da Mai Unguwa bai iso da wuri ba da an taɓa lafiyar mutumin.

Mai Unguwa ya yanke magana: Dunoma ya koma gida, babur ya zauna, in Juma'a ta zagayo ba a ga mota ba za a miƙa shi ga 'yan sanda. Kowa ya san abin da hakan ke nufi. Bakaniken da aka taɓa kaiwa caji ofis kan satar mota, ko an sake shi, ba mai ƙara ba shi ko keke ya gyara. Daga nan Mai Unguwa ya aika Gwiwa a kira Mamuda mai bin sawu.

*

Mamuda Bafulatani ne da ya ba sittin baya, siriri, mai tafiya da kai a sunkuye kamar wanda ya yar da allura. Shanun sata ya saba bi, da raƙuma da jakuna, wani sa'in har da mutanen da suka kora su. Abin da ba shi da kofato bai taɓa bi ba, kuma wannan ne ya fito da shi tun da farar safiya, don shi mutum ne da son sani ke hana zama.

Da ya ga wurin sai da ya ja tsaki. Rabin gari sun tattake gindin darbejiyar, abin da suka rage kuma shanu sun ƙarasa. An gama girbi, kuma garken Daudu, kawun Zaharadeen, ƙanin mahaifiyarsa, kullum ta nan yake bi zuwa gonaki cin kara.

Ya tsuguna ya dubi saurayin. "Ɗana, me ya kwantar da dabbar taka?"

"Giya ce, Baffa. Tana shiga da fizga, daga baya ta daina shiga."

"Kafin giya lafiyarta lau?"

"To, lagireto ya fashe da bazara, ta dinga tafasa."

"Kafin shi fa?"

"Ta bugi tudun da ake yi a kan kwalta, kaskon baƙin mai ya tsage. Sai taya. Tayarta faɗi gare ta amma ba ta da kauri, rami ɗaya sai ta kumbura." Fuskar Zaharadeen ta ɗan saki. "Amma Baffa, ba ka taɓa jin ta a kan hanyar Daura ba. Wallahi kamar ba a ƙasa kake ba."

Mamuda ya dube shi da kyau. Ya taɓa ganin irin wannan fuskar a wurin masu tsohon doki gurgu, waɗanda za su kwana da yunwa su saya masa dusa. Ya tambayi makulli, aka ce yana nan rataye a ƙusa a ɗakin mai ita, inda aka bar shi.

A bakin zaure ya sami Inna Dela, mahaifiyar Zaharadeen, tana ɓarar gyaɗa. Suka gaisa gaisuwar manya, doguwa, har da tambayar jikoki da ruwan bana.

"Inna, ranar nan kuna gida. Ba ki ji motsi ba?"

"Shanu na ji sun wuce, kamar kullum."

"Ƙarar mota fa?"

"Wannan motar in ta tashi, ai har kaji sai sun bar ƙwansu. Ban ji ba." Ta ci gaba da ɓara, ba ta ɗago ba. Har ya miƙe sai ta ce, "Yaron nan na Kazaure, ba a dai doke shi ba ko?"

Ya ce ba a doke shi ba. Ya bi gidajen da ke kusa, ya yi sallama daga waje, matan kowane gida suka ba shi amsa ɗaya: ba wadda ta ji ƙarar inji. Wannan ya tsaya masa a rai, don motar da duk ƙasar ta san muryarta ba za ta fita gari a ɓoye ba.

*

Da ya faɗa wa mazan gari haka, ba su ko ji kunya ba. Suka ce to tura ta aka yi aka ɗora a babbar mota. Wani ɗan acaba ma ya rantse ya ga wata babbar mota a hanyar Babura, an lulluɓe wani jan abu da tamfal. Babura kuwa bakin iyaka ce, kuma a can Sama'ilu yake, dillalin da ya kawo motar tun farko. Kafin azahar gari ya gama yarda cewa Dunoma da Sama'ilu sun haɗa baki, motar ta tsallaka Nijar, an ma karɓi sefa.

Mamuda ya shiga motar haya ya tafi Babura. Ya sami babbar motar, ya sami tamfal ɗin, ya ɗaga, ya tarar da injin sussukar gero, ja sumul. Sama'ilu, wani kakkauran mutum mai dariya da ciki, ya yi ta ƙyaƙyatawa har da share hawaye.

"Baffa, wa zai saci ciwo ya kai gidansa? Kuma ta ina za ta tsallaka? Hanyar ɓarayi rairayi ce. Wannan motar ko kashin jaki ta hau sai cikinta ya kama."

"To me ya sa ka sayar masa da ita?"

"Na hana shi. Na nuna masa wadda za ta ɗauki buhu ta ɗauki iyali, ya ce shi wannan yake so. Sayenta ba wuya, Baffa, don masu ita na farko gudu suke su rabu da ita. Riƙonta ne aiki. Taya ɗaya kuɗin rago ne mai kyau. Ba ta shan fetur ɗin 'yan bumburutu, in ka ba ta sai ta yi ta shaƙewa. Kayanta kuwa ko a kasuwar Ƙofar Ruwa sai an yi sa'a, galibi sai an aika Legas, a kawo kuma a tarar ba shi ba ne."

"Ita giyar da ta kwantar da ita fa?"

Sama'ilu ya daina dariya. "Wannan ai ta fi ƙarfin rago da sa. Shi ya sa ya ce in nemo masa mai sayen fadamar gidansu. Na ma kai mutumin ya taka ta, ya ga iyaka. Saura a zauna."

Mamuda ya yi masa sallama. A hanyar dawowa ya yi ta juya maganar, ba don ya ga inda ta dosa ba, sai don mamakin yadda ƙarfe ke cin ƙasa.

*

Washegari ya koma ga abin da ya iya. In sawu ya ɓace a tsakiya, ba a tsakiya ake nemansa ba. Mutum ya ja baya ya yi zagaye, in bai samu ba ya ƙara faɗaɗawa, kuma da hantsi, lokacin da rana ke kwance tana fito da inuwar kowane ɗan rami. Ya bar hanyar kwalta da kowa ke nunawa da yatsa, ya bi bayan gari ta inda shanu suka bi.

Abu na farko da ya lura da shi, garken bai yi tafiyar shanu masu zuwa kiwo ba. An matse su wuri ɗaya, an kai su an dawo da su a kan layi guda. Mamuda ya san wannan aikin sarai, haka ɓarayin shanu ke binne sawu. Ya bi layin.

A bakin kududdufi, inda ƙasa ke da laima, wani maƙwabci ya buga tubali ya jera su suna shan rana, har sun ci gefen hanya. Nan garken ya karkace. An kore shi ya yi kwana ya zagaye tubalin, ko ɗaya bai fashe ba. A ɗan tsakanin da shanun suka bari kuwa, tsawonsa bai fi tabarma biyu ba, laka ta riƙe komai kamar an zana.

Ya durƙusa. Ga kofatan bijimai huɗu, biyu-biyu a jere, sun kafe ƙafa sun nutsa irin na masu jan nauyi, ɗaya daga cikinsu ƙafar bayansa ta hagu na buɗewa waje. Ga sawun taya mai faɗi da zanensa, yana lanƙwasa nan da can kamar tafiyar maciji. A kansa kuma ga wasu layuka biyu masu santsi, ba zane ko kaɗan, sun tura laka gaba sun yi kunya.

Bijiman ya gane su, amma layukan nan biyu sun fi ƙarfinsa. Da saniya ce, da ya ce ƙafafun gaba na tafiya, na baya sun ƙi, jan ta ake yi. Mota kuwa bai san me ke sa ta turjiya ba, kuma ya ƙi jinin ya faɗi abin da bai gama sani ba. Ya samo ƙaya ya kare wurin, ya nufi Kazaure.

*

Rumfar Dunoma tana tsakiyar layin kanikawa. Maƙwabtansa kowa na fama da aiki, shi kuwa gabansa ba komai sai tabon baƙin mai a inda motoci suka saba tsayawa. Mamuda na isowa ana ɗaure motar ƙarshe da igiya za a ja ta, mai ita ya kau da kai kamar bai ga Dunoma ba.

Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni, don haka Mamuda ya fara da shi. "Bawana, an ce ka koma kiwon motocin mutane ba da saninsu ba."

Dunoma ya yi ƙoƙarin murmushi, abin ya ƙi. "Baffa, yau ba ni da bakin rama maka. Shugabanmu na kanikawa ya ce in aka kai ni caji ofis in kwashe kayana daga layin nan. Yarana ma sun ƙi zuwa makarantar allo, ana kiran su 'ya'yan ɓarawon Ƙadangaruwa."

Tausayi ya kama Mamuda, ya bar wasan. Ya ɗauki sifana ya tsuguna ya zana abin da ya gani a ƙasa: taya mai zane tana lanƙwasa, layuka biyu masu santsi a kanta. "Me ke sa mota ta yi tafiya da ƙafafun gaba, na baya su ƙi juyawa?"

Dunoma ya dubi zanen, ya ƙara dubawa, sannan ya dafe kai. "Jan ta aka yi a kulle. Innalillahi, tayoyin baya sun tafi ke nan."

"Yi mini bayani irin na mai shanu."

"Motar nan da kanta take canza giya. In ka tsaya ka tura sandar giyar wurin ajiya, ƙafafun baya sun kulle. In kuma babu batir, sandar ba ta motsi ko da makulli a hannunka. Sai dai akwai wani ɗan murfi kusa da sandar, ka ɓalle shi, ka danna abin da ke ciki, sai ta saki. In ta saki, mutum biyu ma sun tura ta."

"Wa ya san wannan murfin?"

"Duk wanda ya taɓa kwana a gareji."

"Sama'ilu?"

"Da haka suke sauke su daga tirela."

"Mai ita fa?"

"Ni na nuna masa da hannuna, ranar da ta mutu masa a tsakiyar kasuwa." Dunoma ya nuna lanƙwasar da sifanar ta zana. "Kuma wanda ya riƙe sitiyarin nan bai taɓa riƙe wani ba. Dubi yadda yake kai ta yana dawo da ita."

Mamuda ya sa Dunoma ya buɗe masa wata motar maƙwabci ya nuna masa murfin. Ya danna da kansa, ya ji sandar ta saki, ya sake dannawa don daɗi. Sannan ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya ce Dunoma ya zo zauren Mai Unguwa ranar Alhamis da hantsi.

*

Da la'asar ya biya ta wurin Daudu. Ya ce ya zo gaisuwa ne, ya ji an ce ciwon ƙafa ya hana shi zuwa Juma'a. Daudu ya kawo masa nono a ƙwarya, bai yarda sun haɗa ido ba. Bijiman huɗa huɗu na ɗaure a turke, karkiya ta goge musu wuya, gugar da amalanken dawa ba ya yi. Da baƙin bijimin da ke cikinsu ya juya, Mamuda ya ga ƙafar hagun nan mai buɗewa waje.

Bijimai huɗu ba za su ja mota a kulle su yi nisa da ita ba. Ya wuce kududdufi kaɗan, ya shiga gonar su Zaharadeen ta tudu. Kowa a ƙasar nan tsaye yake jingina karansa, tulin ya yi tsini. A ƙarshen gonar kuwa ga wani tuli a kwance, dogo, gajere, an kewaye shi da ƙaya. Ya zura sandarsa a hankali, ya ji ta ƙwanƙwasa ƙarfe.

Ya zare sandar. Yawanci in ya kai ƙarshen sawu daɗi yake ji har cikin ƙashinsa, amma yau bai ji ba. Daudu ba shi da abin da zai yi da mota, kuma mutum ɗaya ne a duniya zai ce masa ya bar Juma'a ya bari. Ya koma ya same shi a turke.

"Daudu, ranar Alhamis zan yi magana a gaban Mai Unguwa. Ba zan kama sunan kowa ba, amma ba zan bar ɗan mutane ya kwana a caji ofis ba. Ka gaya wa wanda ya kamata ya sani."

*

Zauren ya cika har waje. Dunoma na gefe guda, ba wanda ya zauna kusa da shi. Sama'ilu ya zo daga Babura yana fifita da hula. Daudu ya rakuɓe a bakin ƙofa, Zaharadeen kuwa na gaba, kusa da Mai Unguwa.

Mamuda ya faɗi abin da ya gani, bai ƙara gishiri ba. Ya ce ba a tayar da motar ba, ba a kuma ɗora ta a kan komai ba, shanu ne suka ja ta ƙafafunta na baya a kulle. Ya sa Dunoma ya yi bayanin murfin, ya tambayi Sama'ilu da Zaharadeen ko haka ne, suka ce haka ne.

"To ranka ya daɗe, duk wanda ya san mota da ya sake ta ya tura cikin sauƙi. Wanda ya ja ta bai san mota ba, shanu ya sani. Ya kora garke a kan sawun, kuma ya iya, da ya gama da ni. Sai ya zo kan tubalin maƙwabci ya kasa fasa masa su, ya kauce. Wanda ya zo sata daga nesa, ina ruwansa da tubalin wani? Na gida ne, mai kunyar mutane. Motar kuma ba ta bar ƙasar mai ita ba, tana cikin kara a gonarsa ta tudu."

Zauren ya ɗauki hayaniya. Waɗanda suka fi kowa rantsuwa a kan Nijar su suka fara cewa dama sun yi zargin haka. Zaharadeen ya miƙe tsaye, idonsa ya yi ja.

"Ka faɗi sunansa, Baffa. Ko wane ne, sai ya kwana inda aka so kai Dunoma."

Daudu ya yunƙura zai tashi, sai wata murya daga waje ta ce, "Zauna, Daudu. Umarnina ka bi."

Inna Dela ce tsaye a bakin zaure, lulluɓe da mayafi. Maza suka dare mata, amma ba ta shigo ba.

"Ni na ɗauko makullin, ni na zauna a ciki na riƙe abin juyawar, ni na mayar da shi ƙusa." Ta dubi ɗanta. "Tumakina sun tafi a lagireto, ban yi magana ba. Bijimin da mahaifinka ya bari ya tafi a taya da kaskon mai, na haɗiye. Sai na leƙa na ga baƙo na taka fadama yana auna ta da ido. Fadamar nan ita ta ciyar da ku shekarar da gero ya ƙi. Na ce in ba ka ga motar ba, ba za ka sayi giya ba. Na ɗauka za a yi cigiya a gaji."

Zaharadeen ya koma ya zauna. "Inna, da kin gaya mini."

"Na gaya maka. Kana goge ta a lokacin."

Can Zaharadeen ya juya wajen Sama'ilu, murya ƙasa-ƙasa, ya ce ya ba mai sayen fadama haƙuri, babu ciniki.

Inna Dela ta juya ga Dunoma. "Kai ne ban yi tunaninka ba, ɗana. Da aka kama ka tsoro ya kama ni, na yi shiru ina jiran abin ya wuce da kansa. Ka yafe mini."

Mai Unguwa ya yi gyaran murya. Ya ce alhamdulillahi, dukiya ba ta ɓata ba, abu ne tsakanin uwa da ɗa, kuma ba a tona asirin uwa. Maganar ta mutu a zauren nan, duk wanda ya fitar da ita shi da shi. Aka yi ta gyaɗa kai, kowa ya ji sanyi, har an fara neman takalma.

"Ranka ya daɗe," Dunoma ya ce a hankali, "in ta mutu a nan, a Kazaure cewa za a yi an matsa mini na dawo da ita, aka rufa mini asiri." Ya dubi tsohuwar, ya sunkuyar da kai. "Amma ni ma uwa ce ta haife ni. Ba zan ce a fita da ita ba. A ba ni babur ɗina kawai."

Mamuda ya dubi Dunoma. Ya iya gano inda abu ya shiga, amma wannan ba aikin sawu ba ne, kuma ya ji kunyar yadda shi ma ya fara neman takalminsa. Da ya waiwaya bakin ƙofa, Inna Dela ta riga ta tafi.

*

Washegari da hantsi Mamuda ya biya Kazaure, wai don ya ƙara ganin murfin nan, amma gaskiya hankalinsa ne bai kwanta ba. Ya sami Dunoma zaune a rumfarsa shi kaɗai. Ba su gama gaisawa ba motar haya ta tsaya a bakin layin, Inna Dela ta sauko, Zaharadeen na biye da ita yana magiya.

Ba ta nufi wurin Dunoma ba. Ta tambayi rumfar shugaban kanikawa, aka nuna mata, ta tsaya a gabanta ta yi sallama. Shugaban ya fito yana goge hannu, masu aiki suka ɗago kai daga cikin injuna.

"Sunana Dela, daga Unguwar Marke. Jar motar da aka ce Dunoma ya sace, ni na ɗauke ta. Ta ɗana ce, ga shi nan. Da shanu na ja ta na ɓoye a cikin kara. Dunoma bai sani ba, bai gani ba, kuma ina ji ina gani aka ɗora masa na yi shiru."

Shugaban ya rasa inda zai sa idonsa. Ya jawo benci ya ce, "Inna, zauna, ai ya isa, mun ji." Zaharadeen ya kau da kai yana share fuska da hannun riga. Dunoma ya taso da sauri ya durƙusa a gabanta, hawaye na bin kumatunsa.

"Inna, don Allah ki bari haka. Na yafe, wallahi na yafe."

Ta dubi layin, dogo ne, rumfa bayan rumfa har bakin kwalta, mutane na ta leƙowa.

"Na can ƙasa ba su ji ba," ta ce.

Ta gyara mayafinta ta nufi rumfa ta gaba.